Miyar da Dada Ta Zubar

Shekaranjiya, bayan ruwan da aka kwana ana tafkawa, jikata ta faɗo mini tsakar gida da hantsi riƙe da baƙar leda, bakinta har kunne. Wai a kangon da ke bayan layinmu ta gan su sun firfito farare tas, ta tsinko, ta kuma duba a waya an ce mata ana ci, har a manyan kantuna ake sayar da irinsu da tsada. Na leƙa ledar, na ga naman kaza ne, wannan mai tsirowa daga ƙasa bayan ruwa, ko dai abin da ya yi kama da shi. Wallahi ban san lokacin da na fizge ledar daga hannunta ba. Ta tsaya tana kallona, ta ce, “Kai, tsohuwar nan, mene ne abin tayar da hankali? Miya fa zan yi miki.” Na ce mata, “To wa zai fara ci?” Ba ta gane tambayar ba. Ban ga laifinta ba, don babu wanda ya taɓa gaya mata cewa a gidan da na yi aure, duk ranar da aka dafa wannan abu, sai mutum ɗaya ya sa ransa a gaba kafin sauran su ɗanɗana.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da Potiskum ta yanzu, ba lalle ku yarda da ni ba. Lokacin da aka kawo ni, gidanmu yana can bakin Hausari, inda gidaje ke fara yin nesa da juna. In ka bi ta bayan katangarmu ka ɗan taka, sai gonaki, sai sabara da kalgo, sai suri tsaye nan da can, wani ya fi mutum tsawo. Da asuba ƙarar daka ce ke tashe ka, wannan gida ya buga wancan ya amsa. Da damina kwaɗi ke raka mu barci. Ranar kasuwa kuwa tun daga tsakar gida kana jiyo kukan shanu da ihun masu kora, da gurnanin manyan motoci a kan titin Kano zuwa Maiduguri. Yau fa? Keke ya wuce, janareta ya ɗauka, injin bulo ya karɓa, ko kiran salla sai ka kasa kunne. Inda surin nan suke duk an yanka filaye an yi gini. Yara sun san abin da ke cikin waya, amma ba su san abin da ke fitowa daga ƙasa ba, kuma wannan ne ke hana ni sukuni duk lokacin da aka yi ruwa mai tsawa.

Ni 'yar fatake ce. Babana Bakano ne, kasuwancin hatsi da atamfa ya zaunar da shi a Damagum. Mutum ne mai faɗin baki da dariya, in ya zauna hira sai dai mai sauraro ya gaji. Mijina kuwa Bafulatani ne da shanunsu suka ƙare, wasu ciwo ya kwashe, wasu aka sayar aka ci, har suka tattara suka shigo gari shi da mahaifiyarsa. Aikinsa a kara yake, wato kasuwar shanu, yana raka shanun mutane a tirela zuwa kudu, sai ya yi kwana da kwanaki ba ya gida. Saboda haka yawancin zamana da mahaifiyar tasa na yi shi. Dada muke ce mata.

Allah ya jiƙan Dada. Doguwa ce siririya, ga tsage a gefen bakinta, Hausarta a karye, amma ba ta taɓa ɓata magana a banza ba. Kunya kuwa, ban taɓa ganin irin tata ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ba ta faɗin sunan mijina don shi ne ɗanta na fari, sai dai ta ce “mutumin nan.” Na daɗe a gidan kafin in ga loma ta shiga bakinta a gabana. In akwai namiji baƙo a tsakar gida, ko kusa da buta ba ta zuwa. Akwai ranar da kunama ta harbe ta a yatsa tana tankaɗe, maƙwabta na zaune ana hira, ta ci gaba da tankaɗenta har suka tashi, sannan ta ce da ni, “Amarya, miƙo mini ɗan toka.” Na ga yatsan ya kumbura suntum. Na ce, “Dada, don Allah me ya hana ki magana?” Ta ce, “A gaban mutane?” Kamar na tambaye ta me ya hana ta tuɓe zani a kasuwa. Ni da na tashi a gidan da in ƙaya ta soke ka sai unguwa ta ji, abin ya riƙa ba ni dariya. Daga baya ya daina ba ni.

Ita ta koya mini naman kaza. In an yi ruwa da tsawa, washegari da sassafe sai ta ɗauki ƙwarya da ɗan tsinken icce, ta ce in biyo ta. Raɓa ta jiƙa mana gefen zani, ƙasa na ƙamshi, mu yi ta zaga suri. Na jikin suri kaɗai take ɗauka. Ba ta yanka shi, tonawa take a hankali har ta zaro doguwar jelarsa da ta shige cikin surin, ta shinshina, ta ɓare gefe ta duba. Wanda ya fito a kan juji ko ƙarƙashin itace kuwa, ko da ya fi nono fari, sai ta sa ƙafa ta murje shi, ta ce laimar kwaɗi ce. Mata a unguwa suna da nasu gwajin, wasu su ce a jefa wa kaji, wasu su ce in tsutsa ta ci to mutum ma zai ci. Dada ba ta yarda da ko ɗaya ba. Har nata idon ma ba ta gama yarda da shi ba. Takan ce, “Akwai mai kama da ɗan'uwansa, uwar da ta haife su ma sai ta ruɗe. Ido yana gani, amma ciki ne ke faɗin gaskiya.”

Shi ya sa take da dokarta, wadda ta ce haka uwarta da kakarta suka yi a ruga. Wadda ta tsinko ita ke dafawa, ita ke fara ci. Da hantsi za ta zuba a ɗan kwano, ta juya baya ta cinye ita kaɗai. Sai ta rufe tukunyar da faifai, ta ɗauki muciya ta gitta a kai. Muddin muciyar nan tana gicciye, ko maigida bai isa ya taɓa tukunyar ba. Sai bayan la'asar, in ta ji jikinta garau, ta zo da kanta ta ɗage muciyar, sannan a zuba wa kowa. Na taɓa ce mata mu riƙa yin karɓa-karɓa, yau ita gobe ni. Ta harare ni, ta ce, “Ke da goyo? Tsohuwa ke fara ci. In asara ta zo, a yi ta tsohuwa.” Amma da yake damina bayan damina muna ci lafiya, sai abin ya zame mini kamar wasa. Miyar kuwa, kai! In ta ji daddawa da ɗan man shanu, ba ka ce ba naman rago ba ne.

Shekarun nan na mulkin soja an sha wuya. Kaya sun yi tsada, man fetur ya ɓace, motoci su yi layi a gidan mai har direbobi su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. A garin da ake loda shanu tirela bayan tirela, mu sai mu yi makonni ba mu ga tsoka a miya ba. Cikin wannan hali wani direba ya tsaya a ƙofar gida ya ba da saƙo, wai Baba na nan tafe gobe daga Damagum, zai zo ya gaida Dada ya ga jikarsa. 'Yata, da muke ce wa Ummi tana ƙarama, a lokacin ba ta wuce a aike ta ɗauko ludayi ba. Mijina yana kudu. Ni murna ta kama ni, Dada kuwa ban ga murna a fuskarta ba. Can ta ce, “Da a ruga ne, rago za a kayar masa.” Na ce, “Haba Dada, Baba ne fa. Ko miyar kuka aka ba shi zai sha ya sa albarka.” Ta ce, “Ke 'yarsa ce. Ni surukarsa ce.”

A daren aka yi ruwa. Da na fito bayan sallar asuba ban gan ta ba, ban ga ƙwaryar ba. Ni kuma ga shara, ga surfe, ga daka, ga yarinya, ban samu na bi ta ba. Ta daɗe fiye da yadda ta saba. Da ta dawo, laka har gwiwa, tana haki. Ta ce mini surin da muka sani duk an baje su, an kafa turaku an ja igiya za a yi gini, sai da ta yi nisa har wajen wasu itatuwa a bakin fadama kafin ta samu. A lokacin yanar ido ta fara rage mata gani, zare ma ni ke sa mata a allura. Ta riga ta wanke su ta yayyaga tun a can, ta wuce kai tsaye ta ɗora tukunya. Gida ya ɗauki ƙamshi. Da hantsi ta zuba a ɗan kwanonta, ta juya baya ta ci, ta rufe da faifai, ta gitta muciya.

Bayan azahar muka ji ƙarar mota da ihun yara. Baba ne a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya samu mai wajen 'yan bumburutu, yana ta alfahari da shi. A ranar ba na jin akwai wata mota mai motsi a duk layinmu in ba ita ba. Ya shigo da sallamarsa mai cika gida, da rake da goro da turmin atamfa na Dada. Wasu iyayen ba sa zama a gidan da 'yarsu ke aure, balle su ci abinci, amma Baba ba ruwansa da wannan. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, don nan ne kaɗai inuwa a gidan. Gidan namu kuwa ɗaki biyu ne da rumfar girki, bayan gida yana can lungu an kewaye shi da zana, kuma duk mai zuwa can sai ya bi ta gefen darbejiyar nan. Dada ta zauna a bakin ƙofarta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Aka gaisa, aka sake gaisawa, na kawo masa ruwa da fura. Ya ɗora Ummi a cinya yana tsokanarta, “Amaryata, me kika ajiye wa angonki?” Sai ya buɗe hira. Farashin gero, halin direbobi, wanda ya mutu, wanda ya yi aure. Dada na amsawa, “Haka ne, Alhaji. Madalla, Alhaji.”

Da aka kira la'asar na ɗauka zai fita masallaci. Sai ya leƙa ya ce hanya duk caɓi, a ba shi buta ya yi a nan. Ya yi alwala a gindin bishiyar, ya yi sallarsa a kan tabarmar. Na sha tunanin wannan, da ya fita ko na ɗan lokaci ne, da ta samu sararin zagawa bayan gida. Dada ta shige ɗaki ta yi tata, ta ɗan jima, ta fito ta koma mazauninta, don a wurinta ba a barin baƙo shi kaɗai. Na gama tuwo na kwashe. Na dubi tukunya a kan garwashi, muciya tana nan gicciye. Na dubi Dada. Gumi ne ke tsattsafo mata a goshi alhali garin a lumshe yake, ta damƙe bakin tabarmarta da hannu ɗaya har jijiyoyin sun fito. Na matsa na durƙusa, na ce a hankali, “Dada, a zuba?” Ta ce, “Tukuna.”

Baba kuwa ƙamshi ya gama cika masa hanci. Ya ce, “Wai ni wannan miya da ke ta yi mini kirari tun ɗazu, sai na cika takarda ne kafin a ba ni? Fulani dai da rowa! Amaryata, tashi ɗauko kwanonki, ni da ke za mu fara.” Wasa yake yi, har da dariyarsa. Ummi ta zame daga cinyarsa a guje, ta ɗauki ɗan kwanonta, ta nufi murhu. Kafin in miƙe ta sa hannu ta ture muciyar, ta faɗi ƙasa, ta kama faifan za ta ɗaga.

Ban taɓa ganin Dada ta yi sauri irin na ranar ba. Ta miƙe tsaye cak, ta ratsa tsakar gida ta gaban surukinta, ta janye yarinyar gefe, ta sunkuci tukunyar nan da hannu biyu ba ko tsumma, ta kai bakin rariya ta kifar. Miyar da ta yi tafiyar asuba dominta ta malale a ƙasa tana tururi. Ta ɗebo toka da ƙasa ta zuba a kai, ta sa ƙafa ta tattake don kada kaji su ci. Sannan ta dawo, taku ɗaya bayan ɗaya, ta zauna, ta gyara mayafi. Ta ce, “Alhaji, ka yi haƙuri. Miya ba ta yi ba.”

Ummi ta fashe da kuka. Dariyar Baba ta ɗauke. Ni kuwa na san abin da kifar da tukunyar nan ke nufi. Na ce, “Baba, naman kaza ne. Ta ci da safe. Wallahi ba ta da lafiya, dubi gumin da take yi!” Ya juya ya dube ta, ya ce, “Dada, gaskiya ne? Jikin ne?” Ta ɗago, har da ɗan murmushi a bayan mayafi, ta ce, “Lafiyata lau, Alhaji. Yarinya ce, tsoro gare ta. Gishiri ne ya yi yawa.” Ta juyo ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idonta ba. Na ce, “Dada, don girman Allah!” Ta ce, “Amarya, baƙo na zaune.”

Baba ya ɗauka wasan da ya yi na rowa ne ya ɓata mata rai, ta zubar da abinci a gabansa don ta nuna masa, ni kuma ina neman rufa mata asiri. Ya ɗan ƙara zama don kada a ce ya tashi cikin fushi, kuma wannan zaman nasa ya fi mini kowane tsawo a duniya. Sannan ya sa takalmi, ya yi sallama a gajarce. Na bi shi har zaure ina kuka, na riƙe masa hannun riga. Na ce, “Baba, kada ka tafi da motar nan. A kai ta asibiti.” Ya ce, “Ke, sakar mini riga. Babba ta ce lafiyarta lau a cikin gidanta, ni ne zan ce ƙarya take? In ɗauke ta dole in jefa a mota kamar buhu? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba.” Ya shiga ya tayar. Ina tsaye ina jin ƙarar motar tana nisa har ta ɓace.

Da na koma ciki na same ta a ƙasa, tsakanin ƙofarta da darbejiya, buta a kife kusa da hannunta. Ko bayan gidan ba ta kai ba. Abin da ta danne tun kafin la'asar ya ɓalle gaba ɗaya, amai da gudawa ba tsayawa. Tafin hannunta duk ya yi bororo saboda zafin tukunya. Na kwarma ihu, mata suka shigo. Wannan ta ce a ba ta madara, waccan ta ce manja, wata ta jiƙa toka. Duk abin da aka ɗura mata sai ya dawo. Aka bazama neman mota, kowa ya ce ba mai. Ba ta iya zama a kan babur. Daga ƙarshe kurar wani mai ruwa aka sauke wa jarkoki, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da ita, maza suka tura cikin caɓi har asibiti, ana kiran magariba muna hanya. Matar da namiji bai taɓa ganin ta ɗauki buta ba, ga ta a kura ana ratsa unguwa da ita. Ko a hakan, hannunta na lalubar mayafi tana jan shi kan fuska.

A asibiti suka yi iya ƙoƙarinsu. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi allurai. Likitan ya tambaye ni yaushe ta ci, yaushe ciwon ya fara, me ya sa ba a kawo ta tun da ta fara ji ba. In ce kunya? Washegari sai ga Dada ta tashi zaune. Aman ya tsaya, ta sha kunu, har ta ce a mayar da ita gida, kaji ba mai ba su ruwa. Na yi ta hamdala, na aika wa Baba da direba cewa ga abin da ya faru amma da sauƙi. Likitan dai bai yi murna ba. Ya ce irin wannan dafin haka yake yi, sai ya yi kamar ya tafi alhali yana can yana cin hanta, a bar ta a kwance. Ban so na yarda da shi ba. Bayan kwana biyu na ɗaga mata kai zan ba ta ruwa, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa.

Ranar Baba ya iso. Tun daga bakin ɗakin na ga ba shi ba ne, ba sallama mai ƙarfi, ba dariya, hularsa ma a karkace. Ya tsaya daga gefen gado. Dada ta ji muryarsa, ta yi ta ƙoƙarin jan mayafi da hannunta mai bandeji, sai da na taya ta. Ya ce, “Dada, sannu. Yaya jikin?” Ta ce, “Da sauƙi, Alhaji.” Ya durƙusa a kan simintin nan, babban mutum da shi, ya ce, “Don Allah me ya sa ba ki faɗa ba? Mota na ƙofar gida. Kalma ɗaya fa, Dada. Ni ina zaune ina zuba surutu, ke kina...” Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, da wata 'yar siririyar murya, “Alhaji, ka zo gidana, ka tafi ba ka ci tuwona ba. Ka yafe mini.”

Ban taɓa ganin babana yana kuka ba sai ranar. Ya fita waje ya jingina da bango yana sheshsheƙa kamar yaro. Dada ba ta ƙara wata doguwar magana ba. Ta shiga magagi, tana kiran sunayen shanun da suka mutu tun kafin a kawo ni, har Allah ya karɓi abarsa. Mijina ya dawo daga kudu da tsarabar lemo da garin rogo, ya tarar da mutane zaune a ƙofar gida.

Tun daga nan ba a sake ɗora naman kaza a murhuna ba, kuma ba za a ɗora ba ina raye. Baba ma ya canza. Har ya bar duniya, in ya zo gidana ba ya zama sai ya tsaya a zaure ya ɗaga murya, “Akwai mai ciwo a gidan nan? A faɗa mini tun ban zauna ba!” Mutane na dariya, suna cewa Alhaji da barkwanci. Ni na san ba barkwanci ba ne. 'Ya'yana kuwa na tarbiyyantar da su da kunya daidai gwargwado, amma ban da ta ciwo. Na ce musu ko gaban wa kuke, in ciki ya murɗa ku yi ihu, in ya so a ce ba ku da ta ido.

Abin da ke damuna shi ne, waɗanda suka san abin nan sun tafi, dajin da suka sani ya tafi, amma shi bai fasa fitowa ba. Yana nan a kango, a bayan makaranta, a gindin katanga, fari tas, yana jiran yaro mai waya. Dada da ta yi rayuwarta kaf tana tonon suri, ta ruɗe rana ɗaya. Ina ga wanda hoto kawai ya gani?

Duk wannan na zaunar da jikata na gaya mata shekaranjiya, ledar tana hannuna. Da na gama na tashi na juye ta a bakin rariya, na ɗebo toka na zuba, na sa ƙafa na tattake. Ta bi ƙafata da kallo. Can ta ce, “Hajiya, to ke kina ganin daidai ta yi?”

Na ce ban sani ba. Ba ranar da ba na yi wa Dada addu'a, kuma har yau in na tuna “lafiyata lau” ɗin nan sai raina ya ɓaci, in ji kamar in tashe ta in yi mata faɗan da ban isa in yi mata ba tana da rai. Ta iya ratsa tsakar gida ta ɗauki tukunya daga wuta da hannunta saboda jikarta, amma ta kasa buɗe baki saboda kanta.

Jikata ta ce, “Ita yarinyar mai kwanon fa? Ummin?”

Na ce, “Tashi ki kira ta a wayar taki ki gaishe ta. Uwarki ce.”